Zuwa ga 'yata, a kan karatun angona

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara. Goggonki ta dawo da labarin wai angon nawa ya haddace sunayen dainaso, dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare a duniya, har kina tsayar da shi gaban baƙi yana zubo su. Ita daɗi ta ji. Ni gabana ne ya faɗi, kin kuwa san dalili, ba sai na tuna miki yadda aka ƙare da ƙaninki a aji huɗu ba.

Ba na ce ki raba shi da dainaso ba. Yaro in yana son abu, da shi ake jan sa. Amma ki rage yawan. Ɗauki guda ɗaya, kamar Nigersaurus, wanda aka tono ƙasusuwansa a Gadoufaoua cikin jihar Agadez, aka raɗa masa suna a 1999. Rubuta masa jimla biyar ko shida: tsawonsa kusan mita 9, bakinsa faffaɗa ne, haƙoransa sun haura 500, tsiron da ke kusa da ƙasa yake ci. Kafin ya karanta ki nuna masa hoton ki ce, "Mai irin wannan baki me kake jin yana ci?" Ki bayyana masa kalmomi uku da za su tsayar da shi, kada su wuce uku. Ya karanta sau biyu, ki kife takardar, ya ba ki labarin da Hausarsa. Minti goma sha biyar ya isa, bayan nan hankalinsa ya tafi wasa.

Sai tambaya. Fara da wadda amsarta ke kwance a rubuce, haƙora nawa? Sannan wadda sai ya haɗa jimla biyu: me ya sa faffaɗan baki ya dace da mai kiwo a ƙasa? Duk amsar da ya bayar ki ce, "Sa yatsa ka nuna min inda ka gani." Nan ake kama su, don yawanci daga katun ɗin waya suke amsawa, ba daga takarda ba. Ki riƙa tsayar da shi a kan "shi" da "ita", ki tambaye shi wa ake nufi. A nan zaren ke tsinkewa. Mita 9 kuwa ba ta da ma'ana a kansa sai kun auna ta da igiya a tsakar gida. In ya ce mutane sun yi farautar dainaso, ki mai da shi ga layin da ya ce sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Abin da ke hana ni barci shi ne karatun aku. Yaro ya rera shafi da Turanci babu tuntuɓe, a tafa masa, a tambaye shi me aka ce ya yi zuru. Malamai na ɗaga irinsu aji zuwa aji don muryarsu na da daɗi. Ke da kika yi boko har kika fi mu, ke ce za ki ɗauki bidiyonsa ki watsa a WhatsApp ba ki taɓa ce masa "me ka fahimta" ba? Haba 'yata! Kin ce na takura muku kuna yara. Na takura, ga shi kuwa kina cin moriya.

Na san hidima ta yi miki yawa, ga goyo, kada ki ɗauka da zafi. In kun zo da sallah ku taho da littafin, zan zauna da shi da kaina. A shafa min kansa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki