Godiya ta musamman ga ofishin da ya karɓo mana kuɗin tikitin Umara

Assalamu alaikum Alhaji, da ku da duk ma'aikatan ofishinku na Zoo Road a nan Kano. Na zaɓi in yi wannan godiya a fili ne kowa ya gani, saboda mutane sun saba yi wa masu harkar tikiti kuɗin goro wai duk halinsu ɗaya, in kuɗinka ya shiga hannunsu sai dai haƙuri. To ni dai abin da na gani a wajenku daban ne wallahi.

A hannunku na yanki tikiti biyu, ni da Umma, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, za mu tashi a farkon Maris 2020. Sai ga Saudiyya ranar 27 ga Fabrairu ta ce ta dakatar da shigar masu Umara saboda korona, ga biza a fasfo ga jaka an haɗa amma ba halin tafiya. Kafin watan Maris ya ƙare Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta, can a Afrilu Kano ta shiga kulle, kasuwa ba ciniki kowa na ta kansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Malamar nan da ke teburin farko. Ita ta kira ni tun kafin in kira, ta ce Malam don Allah kar ka soke tikitin nan da kanka, ka bari kamfanin jirgin ya soke tashin, in kai ka soke za su iya cire maka tara amma in daga wajensu ne muna da bakin magana. Sannan ta turo min hoton wasiƙar da kuka aika musu ta WhatsApp har da lambar tikitinmu a jiki, ta ce in ajiye.

Da kamfanin jirgin ya ce ba zai ba da tsabar kuɗi ba sai dai takarda, wai su riƙe kuɗin mu yi tafiya da shi nan gaba cikin wa'adi, kun zauna kun yi min bayani dalla-dalla, kuka ce shawara tawa ce amma ku a ganinku a nemi kuɗin, kuma in abin ya ƙi za ku kai ƙorafi NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a Najeriya. Ashe alheri ne, don ko da aka buɗe wa 'yan waje Umara a watan Nuwamba sai aka ce daga ɗan shekara 18 zuwa 50 kawai, Umma kuwa ta wuce nan tuntuni, da takardar muka karɓa da tana nan ajiye wa'adinta na ta cinyewa.

Kuma abin da da yawa ba su sani ba, in ta hannun ejan ka sayi tikiti to ta hannunsa kuɗin ke dawowa, ba akawun ɗinka ba. Da kun ga dama sai ku yi shiru ku juya kuɗin a kasuwa ku ce har yanzu ana jira, wa zai sani? Amma ranar da suka shigo ranar na ji alat, ga takarda an rubuta abin da aka dawo da shi da ɗan ladan aikinku da muka yi magana tun farko, ko kwabo babu ƙari.

Kuɗin nan na adashi ne da na awakin da Umma ta sayar, shi ya sa da na gaya mata sai da ta yi hawaye, ta ce in isar muku da gaisuwa da addu'arta. Allah Ya saka da alheri Alhaji, Ya ƙara buɗi, Ya yi wa zuri'a albarka. In sha Allah tikitinmu na gaba ma a wajenku ne.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari