Zuwa Ga 'Yata Mai Wasan Tanis

Birnin Kebbi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso, kuma mun yi murna da kofin da kika ci a gasar matasa, Allah ya sanya albarka. Sai dai maganar da kika ɗora a kai, wato ki ajiye makaranta kafin jarrabawar WAEC domin ki shiga wasan ƙwararru, ita ce ta sa na zauna na rubuto miki, domin ba magana ce ta waya ba.

Na san Coco Gauff ta Amurka ce kike kallo, kuma ban ga laifinki ba. Yarinyar ta ci gasar matasa ta Roland Garros a Faransa a 2018 tana da shekara 14, shekara ta zagayo ta doke shahararriyar 'yar wasa Venus Williams a gasar Wimbledon ta Ingila, sannan ta ɗauki babban kofin Amurka a 2023. Amma irinta ɗai-ɗai ne a duniya, kuma ta tashi ne a Florida, inda filaye da masu horarwa da gasanni suke a ƙofar gida.

Wadda nake so ki karanta tarihinta da kyau ita ce Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya. Ita ma ta ci wancan kofi na matasa a Faransa a 2011 tana da shekara 16, amma ba ta shiga sahun mata ɗari na farko a duniya ba sai 2017, kuma ba ta ɗauki kofinta na farko a gasannin WTA, hukumar manyan gasannin ƙwararrun mata, ba sai 2021 a Birmingham ta Ingila. Ki ƙirga da kanki, shekara goma ke nan tana yawon ƙananan gasanni, tana jinyar rauni, tana cin wasa yau a fitar da ita gobe, alhali ita ce zakarar matasa a ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya. Daga baya ta kai matsayi na biyu a duniya a 2022, ta kuma je wasan ƙarshe na Wimbledon sau biyu. Kin sha ganin yadda irin shinkafa yake yin kore shar a wurin da aka yafa shi a fadamar Argungu, amma manomi ba ya ƙirga buhuna sai an yi dashe, an ga wanda ya kama ƙasa.

Sai batun kuɗi, wanda ku yara ba ku son a taɓo. Mataki mafi ƙasa na gasannin ƙwararrun mata ƙarƙashin hukumar tanis ta duniya, ITF, shi ne wanda ake sa ladar dala 15,000, kuma dukan waɗanda suka shiga ne suke raba ta. Wadda aka fitar a zagayen farko, abin da za ta samu ba zai biya mata masauki ba, balle kuɗin jirgi da na koci, kuma dole ta ci gaba da zuwa domin da makin da ake tarawa a nan ake hawa jadawalin duniya. Takalminki na bara yana nan a ɗakin mahaifiyarki, ya huje ta wajen babban yatsa saboda jan ƙafa lokacin buga ƙwallon farko, kuma kin san abin da muka sha kafin a sayi wani, ga zaren raket da yake tsinkewa ba ya sallama.

Ko masu kula da wasan ba su yarda a yi gaggawa ba. Jennifer Capriati ta zama ƙwararriya a 1990 tana da shekara 13, ta ci zinare a Olamfik ta 1992, sannan nauyin ya yi mata yawa har ta bar fili na wani lokaci. Bayan haka ne WTA ta kafa dokar da ta ƙayyade yawan gasannin da yarinya za ta shiga har sai ta cika 18.

Hanyar da na zaɓa miki ita ce ta Mayar Sherif ta Masar, wadda ta yi jami'a a Amurka tana bugawa makarantarta wasa, ta gama, sannan ta zama mace ta farko daga Masar da ta ci kofin WTA, a Parma a 2022. Angella Okutoyi ta Kenya ma, bayan ta ci kofin 'yan bibbiyu na matasa a Wimbledon a 2022, jami'ar Auburn ta tafi, kuma hakan bai hana ta ɗaukar zinare a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024 ba. Irin wannan gurbi na jami'a ba a ba wanda ba shi da takardar sakandare mai kyau, komai ƙarfin hannunsa.

Saboda haka ga abin da na yanke. Za ki rubuta jarrabawarki, za ki ci gaba da horo da yamma da ranakun hutu, kuma idan kocinki ya ga kin isa shiga gasar Dala ta Kano, zan biya kuɗin mota, yayanki ya raka ki. Ki riƙe shigarki ta mutunci da sallarki a kan lokaci, domin masu cewa ɗiya mace ba ta da abin yi a fili suna jiran abin faɗa, ni kuma na riga na tsaya miki a gaban baffanninki. Ki gaya wa kocin ina son mu yi magana da shi kafin hutun zango.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki