Zuwa ga Aminina, Kan Aikin Zuciyar Ɗiyarka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka yi mini afuwar shirun nan. Jinyar ɗiyarka ce ta ɗauke mini hankali, amma alhamdulillahi muna gida.

Ka tuna aikin da aka yi mata tana jaririya, lokacin da leɓunanta ke yin shuɗi in ta yi kuka? A aikin nan an faɗaɗa hanyar da jini ke bi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, aka yi faci. Ta rayu, sai dai bawul ɗin wurin, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, ya daina rufewa, jini ya tafi ya dawo. Shekara 18 ana haka, har hanyar ta buɗe, zuciyar ta kumbura. Bara na soma ganin tana tsayawa a tsakiyar matakala tana haki, tana ce mini, "Baba, ba komai."

Babban tsorona a sake tsaga mata ƙirji. Sa sabon bawul ta jijiyar jini, ba tare da tsaga ƙirji ba, ba sabon abu ba ne, tun 2000 likita Philipp Bonhoeffer ya fara shi a Faris. Amma irin wancan, Melody, iyakarsa milimita 22, tata hanyar kuwa ta fi haka faɗi, ba inda zai kama. Sai a 2021 hukumar magunguna ta nan Amurka ta amince da sababbin na'urori biyu, Harmony da Alterra, saboda masu hanya mai faɗi irin tata.

Alterra aka sa mata. Likitan ya ɗora mini samfurinta a tafin hannu: ragar ƙarfe ce mai siffar kalangu. Ana matse ta cikin siririn tiyo, a zura ta jijiyar cinya har zuciya, ta buɗe da kanta. Bakunan biyu su kama bango, ƙugun ya zama mazaunin bawul. Mahaifiyarta ta tambaya da me aka yi bawul ɗin, don na Harmony tantanin zuciyar alade ne. Da aka ce wannan na saniya ne, hankalinta ya kwanta.

Washegari aka sallame mu, da ɗan filasta a cinya. An ja mana kunne kan tsabtar haƙora da kowane zazzaɓi, don ƙwayoyin cuta kan kama bawul. Kuma ba na har abada ba ne, wata rana za a sabunta.

Jiya ta hau bene uku ba ta tsaya ba. Ku sa ta a addu'a, ka gaishe mini da Hajiya.

Naka amininka.