Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gonar fadama

Ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Samaru. Nan Daura kowa lafiya lau.

Na ga saƙonka cewa mu daina huɗa a gonar fadama, mu riƙa shuka kai tsaye cikin karan bara, sannan mu ɗauko tarakta ta ja mana magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Na yi murna da hankalinka yana kan gona. Barin huɗa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanka da sungumi yake sara, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Abin da nake so ka kula da shi shi ne lokaci.

Ƙarfen nan mai mulmulallen kai da tarakta ke ja don yin magudanar, a zurfin santimita 40 zuwa 60, rami kawai yake bari kamar na gafiya, babu bututu a ciki. Manoman Ingila sun daɗe suna amfani da shi domin ƙasarsu laka ce mai danƙo, ruwa kuma ya yi musu yawa. Ramin ba ya tsayawa sai laka ta kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. A jigawarmu rairayi ne, ruwan farko zai rufta shi, kuma can ɗin ma neman ruwan muke yi, ba korarsa ba. Wurin da ya dace shi ne kusurwar nan ta gabas a gonar fadama, inda ruwa ke kwanciya a Agusta har ganyen dawa ya yi rawaya.

Kada ka yarda a shigar da tarakta tsakiyar damina don ka ga ruwa ya kwanta. Laka ta jiƙe sharkaf, ramin zai lafe, tayoyi kuma su danne ƙasar da ba mu da niyyar sake huɗawa. Da bazara kuwa lakar ta bushe ƙamas, ƙarfen farfasa ta kawai zai yi. Sai bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, saman ƙasa ya bushe, can ciki kuma da sauran damshi. Ka tona rami har gwiwar hannu ta nutse, ka ɗebo laka ka murza a tafinka. In ta mulmulu ta yi tsawo ba ta tsinke ba, lokaci ya yi. Kuma dole ramukan su gangara zuwa kwata, in ba haka ba ruwan ka tara a ƙarƙashin shuka.

Shuka ma haka. Binnen gero a jigawa ba laifi, amma a fadama kada ka yi garaje da yayyafin farko. Jira damshin sama ya haɗu da na ƙasa, ciyawa ta ɓullo a yi mata feshi, sannan a sa iri ranar da laka ba ta manne wa ƙafa. Karan nan kuwa, sai mun yi magana da makiyaya da masu ɗibar makamashi, don in aka kwashe shi ƙasar ta zauna tsirara.

In ka zo hutu ka ɗebi ƙasar kusurwar ka kai wa malamanku su auna yawan lakar kafin mu biya kuɗin tarakta. Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka