Amsa ga Baffa: dalilin da nake ambaton Chomsky a aji

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A taron iyayen yara na Asabar ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni me na gani a jikin wani Bayahuden Amurka da nake yawan ambatonsa ga 'ya'yanku. Girmanka ya hana ni ja da kai a wurin, shi ya sa na rubuto.

Sunansa Noam Chomsky, masanin harshe ne, an haife shi a Filadelfiya a 1928, mahaifinsa malamin Ibrananci ne. A 1955 ya fara koyarwa a jami'ar MIT da ke Amurka. A lokacin masana da yawa na ganin yaro kwaikwayo kawai yake yi, kamar aku, har ya iya magana. Shi ya ce a'a, da baiwar harshe ake haihuwar ɗan Adam, kunne dai ke tayar da ita.

Baffa, a tsakar gidana na ga wannan. Jikarka, mai shekara huɗu, ta hango garke a bakin Binuwai ta ce, "Baba, ga saniyoyi!" Wa ta taɓa ji ya ce saniyoyi? Babu. Ta ji mota da motoci, taga da tagogi, ta ciro doka da kanta ta ɗora wa saniya. Yarinyar nan da Hausa take kwana, da Fillanci take wasa a ƙofar gida, ba a zaunar da ita an karanta mata nahawun ko ɗaya ba.

Ni kuwa a firamare nan Garwa ta Kamaru an rataya mini ƙashi a wuya wuni guda, don Hausa ta suɓuce mini a aji. Malamin ya ce yarenmu "patuwa" ne, Faransanci ne harshe. Na girma da wannan kunyar. Sai da na karanta mutumin nan na tabbata ƙwaƙwalwar da ke ƙera jimlar Faransanci ita ke ƙera ta Hausa, ba wadda ta fi wata.

Batun Yahudancinsa kuma, ga abin da ya yi. A 1967 an kama shi a zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, yaƙin da ƙasarsa Amurka take yi a lokacin. A 2010 Isra'ila ta hana shi shiga Yammacin Kogin Jordan, inda zai yi wa ɗaliban Falasɗinawa lacca a jami'ar Birzeit. Ya kuma daɗe yana nuna yadda manyan jaridu ke kururuta laifin abokan gāba su rufe na gwamnatinsu. Ban ce ma'asumi ne ba, masana harshe da dama ma suna musu da shi har yau. Amma wanda ya faɗa wa nasa gaskiya, ni ina sauraronsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ka biyo gida mu sha shayi, ka ji jikarka da kunnenka.

Ɗanka, malamin aji shida, Garwa.