Zuwa ga ɗalibina da ya kama faɗa-wuta a Garin Malam

Assalamu alaikum, ɗana.

Na ji tambayarka a rediyo ranar Lahadi, har da kiran sunana da ka yi wai tsohon mushenka na kimiyya ya fito ya amsa. Ka ce wani faɗa-wuta ya sauka a bango kusa da ampul ɗinku bayan ruwan dare, fukafukinsa a shimfiɗe, kalar ƙasa da zane-zane; ka ɗauke shi hoto, waya ta kasa gane shi, littafin lakkol ma babu shi. Shin sabon iri ne, kuma kana iya sa masa sunan mahaifiyarka? Na zaɓi in amsa a fili, don tun ranar mutum uku suka tsare ni da wannan magana a Birni.

Dangin da yake ciki ba shi da wuyar ganewa. Wanda ke kwanciya a bango fukafuki huɗu a buɗe, siririn jiki, zanen fiffiken gaba ya zarce kan na baya kamar ɗinkin aska a riga, galibi ɗan gidan Geometridae ne. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa mai awon ƙasa, kuma tsutsarsa ce ta jawo masa. Yawancin tsutsotsin faɗa-wuta suna da ƙafafun ciki jeri biyar, ita kuwa biyu kawai gare ta, can wajen gindi. Sai ta miƙe, ta jawo bayanta har ta yi gantsarwa sama, ta sake miƙewa, kamar mai auna yadi da ɗani a kasuwar Dole. Na tabbata ka sha ganinta a reshen bagaruwa, ka ɗauka tsinke ne. Masana kuma suna duba kunne: ƴan wannan gida kunnuwansu a farkon ciki suke, da su suke jin kukan jemage su kauce.

To, a nan sauƙin ya ƙare. An riga an sa wa iri fiye da 23,000 suna a wannan gida kaɗai. Wayarka ba ta san abin da ba a nuna mata ba, kuma hotunan ƙwarin Turai da Amurka aka fi cika ta da su. Rashin ganewarta ba hujja ba ce.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku a aji ba. A 1920 wani Bature, Angus Buchanan, ya taso daga Kano, ya ratsa Damagaram ya nufi Agadas da duwatsun Ayar, yana tara tsuntsaye da dabbobi da ƙwari wa Walter Rothschild, mai gidan ajiyar halittu a Tring ta Ingila. A 1921 Rothschild ya buga bayanin malam-buɗe-littafi da faɗa-wutan da aka kawo masa, ya sa wa waɗansu sabon suna. Tarin ƙwarin yana hannun gidan tarihin halittu na Landan yanzu. Saboda haka ba mamaki ɗan'uwan faɗa-wutanka na nan soke da allura cikin akwati shekara ɗari, da ƴar takarda ƙarƙashinsa an rubuta Zinder. Abin yana ɗan sosa mini rai, cewa sai an je Landan a tambayi sunan ƙwaron bangonmu, amma haka zancen yake.

Kalar fiffike kuwa tana ruɗi. Iri ɗaya kan fito da duhu da damina, ya fito fari-fari da rani. Iri biyu dabam kuma kan yi kama kamar an tsaga kara. Shi ya sa masani yake cire cikin ƙwaron, ya jiƙa shi a ruwan sinadari har naman ya narke, ya ɗora gaɓoɓin haihuwa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Siffarsu ce ke rabe iri da iri, musamman ta namiji. Daga 2003, lokacin da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya fito da dabarar, an ƙara da gwajin ƙwayar gado, wato DNA: a ɓalle ƙafa guda, a karanta wani yanki na ƙwayar gadon mai harafi 658, a gwada da na sauran da ke rumbun intanet. Idan ya yi nisa da kowa, an samu alama, amma sai gaɓoɓin sun gaskata ta.

In duk wannan ya nuna ba a taɓa bayyana shi ba, sai a zaɓi guda ɗaya ya zama ma'auni, a ajiye shi inda kowane masani zai iya zuwa ya duba, a buga cikakken bayani a mujallar ilimi. Suna biyu ake ba shi, na zuriya da na iri, bisa tsarin da dabbobi ke bi tun littafin da Linnaeus, wani masanin halittu, ya buga a 1758. Sunan Hajiya yana halatta, a ƙara masa -ae a ƙarshe. Na gari kuma ya zama damagaramensis. Wanda ya rubuta bayanin ne ke zaɓa, amma sukan ji roƙon wanda ya kama.

Yanzu ga naka aikin. Hoto kaɗai ba ya isa. Kama biyar ko shida, ka sa su a firigo wajen ƙanƙara dare guda, kada ka taɓa fiffiken da yatsa don garin jikinsa shi ne zanen. Kowane ka rubuta masa unguwa, kwanan wata da sunanka. Wanda ba takarda, shara ne a wurin masana. Ka kai wa malaman ilimin halittu na jami'ar André Salifou, su suka san inda za a tura.

Abin da na fi so ka yi shi ne kiwon tsutsar. Wanda ya zo ya kama a fitila ya wuce bai ga abin da take ci ba, kuma sanin yana da amfani: daga Afirka aka ɗauki waɗansu ƴan wannan gida, na zuriyar Chiasmia, aka kai Ostareliya don su ci bagaruwar da ta mamaye musu makiyaya, ita dai bagaruwar da majemanmu ke saye da kuɗi. Shimfiɗa farin zane ƙarƙashin bagaruwa ko gawo, ka girgiza reshe, ka kwashi masu awon a kwalba da ganyen itacen da suka faɗo, ka rufe bakin da ƙyalle. Canza ganye kullum, ka zuba ƴar ƙasa a gindin kwalbar don da yawa a ƙasa suke shiga kafin su fito da fukafuki.

Idan sun fito, kawo mini in gani. Bayan la'asar ina ƙofar gida.

Naka,
tsohon malaminka