Yadda Aisland ta kori jiragen kamun kifin Birtaniya daga ruwanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tuna wa masu karatu rikicin kifi tsakanin Aisland da Birtaniya, domin a ganina ya cancanci a san shi fiye da yadda aka sani.

Aisland tsibiri ce da ta raba gari da Denmak a 1944, ba ta da rundunar soja, kuma kifi ne jarinta. A 1958 ta faɗaɗa iyakar ruwanta daga mil 4 zuwa 12, a 1972 zuwa 50, a 1975 zuwa 200. Kowane karo Birtaniya sai ta turo jiragen yaƙi su raka masuntanta.

Abin da ya sauya lissafi a 1972 wata ƙugiyar ƙarfe ce mai kaifi. Babban jirgin kamun kifi yana jan tarunsa ne da igiyoyin ƙarfe biyu. Jirgin sintiri na Aisland, irin su Ægir, sai ya saki ƙugiyar cikin ruwa a ƙarshen doguwar waya, ya gitta ta bayan jirgin masuntan. Da igiya ta faɗa bakin ƙugiyar sai ta tsinke, taru da kifin da ke ciki su salwanta. Aikin na da haɗari ƙwarai, don igiyar da ta tsinke takan yi tsalle ta dawo kan ma'aikatan jirgi. Turawan Ingila suka koma sa jiragen yaƙi suna tare hanya, shi ya sa aka yi ta karo jirgi da jirgi.

Amma ƙugiya kaɗai ba za ta isa ba. Sansanin ƙungiyar tsaro ta NATO na Keflavik, inda a lokacin ake sa ido kan jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyat, a ƙasar Aisland yake, kuma ta yi barazanar rufe shi. A Fabrairun 1976 ta yanke hulɗar jakadanci da Landan. A watan Yuni Birtaniya ta amince da mil 200, aka bar mata jiragen kamun kifi 24 su ci gaba da aiki a ruwan na wata 6 kawai. Masuntan garuruwan Hull da Grimsby na Ingila talakawa ne su ma, kuma dubbansu sun rasa sana'a.

Daga wannan ruwa ne ake kamo wani ɓangare na busasshen kan kifin da ake shigowa da shi kasuwannin Najeriya a yau.

Naka,
Mai karatu daga Kano